Tsohon Babur Ya Ƙi Tashi: Tambayoyi da Amsoshi Ga Mai Koyon Kanikanci

An tara waɗannan tambayoyi ne domin wanda ya fara koyon gyaran babur, ko mai babur da yake son ya riƙa duba abinsa da kansa kafin ya tura shi gareji. Bayanin ya shafi ƙananan babura masu silinda ɗaya da kafireto, irin su Honda CG125 da 'yan'uwansa ƙirar China, da Bajaj Boxer, da Jincheng AX100, da Suzuki A100, da roba-roba mai injin 110.

An kawo mini babur ya ƙi tashi. Daga ina zan fara?

Ka fara da tambayar mai shi kafin ka ɗauki sifana. Ka ji yaushe babur ya yi tafiyarsa ta ƙarshe, da yadda ya mutu: yana cikin gudu ne ya ɗauke lokaci ɗaya, ko ya yi ta shaƙewa yana ja da baya kafin ya tsaya, ko kuwa lafiya lau aka ajiye shi da dare, gari ya waye ya ƙi tashi. Mutuwar farat ɗaya ta fi nuna wuta ce ta yanke, shaƙewa a hankali kuma ta fi nuna mai ne ya daina zuwa. Ka tambaye shi inda ya sha mai na ƙarshe, ko an wanke babur, ko ruwan sama ya doke shi, da kuma ko wani ya riga ka sa masa hannu, domin babur da aka riga aka jagula ya fi wanda ba a taɓa ba wuyar ganewa.

Injin fetur yana buƙatar abu uku kafin ya tashi: mai da ya gauraya da iska daidai, wuta a bakin fulogi a lokacin da ya dace, da matsi a cikin silinda. Duk babur da ya ƙi tashi ya rasa ɗaya daga cikinsu ne, kuma aikinka shi ne ka gano wanne. Ka bi su daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya, ka canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji, kuma kada ka sa mai babur ya sayi kaya sai ka tabbatar da idonka cewa tsohon ya lalace. Wanda ya canza fulogi da koyil (mai ƙara wa wuta ƙarfi) da CDI (ɗan akwatin da ke sakin wuta a kan lokaci) a lokaci guda, ko da babur ya tashi, bai san abin da ya gyara ba, kuma ya ci kuɗin mutum a banza.

Waɗanne ƙananan abubuwa ne ake yawan tsallakewa?

Makulli a buɗe yake ko kuwa bai gama juyawa ba, famfon mai yana kan ON ko an rufe shi, maɓallin kashe inji da ke jikin hannu a wasu babura an danne shi, sannan akwai mai a tanki ko babu. Kada ka yarda da jin motsin mai idan ka girgiza babur, domin ɗan abin da ya rage a ƙasan tanki ba ya isa bututun ON, sai ka juya famfo zuwa RES, wato man ajiya. Haka kuma wasu masu babura suna sa ɓoyayyen maɓalli saboda ɓarayi, kuma yakan faru ɗan aike ya kawo babur gareji bai san da shi ba.

Yaya zan tabbatar mai yana isa kafireto?

Ka cire tiyon mai daga jikin kafireto, ka sa bakinsa cikin kwalba mai haske, ka buɗe famfo. Ya kamata mai ya zubo a jere ba tare da yankewa ba. Idan ɗiga yake yi, to tsatsar tanki ta toshe rariyar famfo ko matacin da ke kan tiyo. Idan ya fara zuwa da kyau sannan ya tsaya, ka buɗe murfin tanki ka gani. In ya ci gaba da zuba da zarar ka buɗe, ƙaramar ƙofar iska da ke jikin murfin ce ta toshe. Wannan matsala tana wahalar da masu koyo ƙwarai, domin babur yakan yi tafiya kaɗan ya mutu, a buɗe tanki a leƙa mai, ya tashi, a rufe, ya sake mutuwa.

Bayan haka ka sassauta sukurun da ke ƙasan kwanon kafireto, ka tari abin da ya fito a cikin kwalbar. Ka ajiye ta ta natsa na ɗan lokaci sannan ka ɗaga ta wajen haske. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka za ka gan shi kwance a ƙasa da iyaka a fili tsakaninsa da mai. Ka shinshina kuma, domin man da aka gauraya da kananzir ko wanda ya daɗe a jarka yana da wari dabam. Ba man bumburutu kaɗai ake zargi ba: a watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol Najeriya, aka sayar a gidajen mai, ababen hawa suka yi ta lalacewa kafin a janye shi daga kasuwa. Idan babur ya ƙi tashi jim kaɗan bayan shan mai, ka juye na tankin ka gwada da wani.

Akwai gwaji mai sauri da ke raba gardama. Ka cire fulogi, ka ɗiga fetur kaɗan, abin da bai kai rabin ƙaramin cokali ba, a cikin ramin, ka mayar da fulogi ka buga kiki. Idan injin ya kama na ɗan lokaci ya mutu, wuta da matsi suna nan, matsalar tana hanyar mai.

Me fulogi yake nunawa idan na cire shi?

Fulogi ne kaɗai ɓangaren da ke zaune a inda mai yake ƙonewa wanda kuma za ka iya cire shi cikin minti ɗaya, saboda haka ka saba da karanta shi. Idan ka buga kiki sau da yawa ka cire shi ka same shi a bushe, mai ba ya shiga. Idan ka same shi jiƙe sharkaf da fetur, mai yana shiga amma ba ya ƙonewa, ko dai babu wuta ko kuma man ya yi yawa. Baƙin toka busasshe yana nuna mai ya rinjayi iska, wataƙila matacin iska ya toshe ko cok ya maƙale a rufe. Baƙi mai maiƙo yana nuna baƙin mai yana haurowa ta ringi ko ta jikin bawul. Launin ƙasa-ƙasa shi ne na inji mai lafiya, fari fat kuwa alamar ƙarancin mai ce da zafi fiye da kima.

Ratar bakin fulogi a yawancin waɗannan injuna tana tsakanin milimita 0.6 da 0.7, kuma tana buɗewa da tsufa. Ka kula da lambarsa: CG125 yana amfani da D8EA, injin 110 na roba-roba kuma C7HSA. Ka fara ɗaura shi da yatsu har ya zauna kafin ka sa sifana, domin kan silinda alminiyam ne, kuma fulogin da aka tura a karkace yakan cinye zaren ramin, aikin minti biyu ya koma na kwance inji.

Idan babur ya sha mai da yawa, ka rufe famfo, ka mayar da cok, ka bar fulogi a waje ka buga kiki sau goma da totur a buɗe domin man ya fita, sannan ka busar da fulogin ka mayar.

Yaya ake gwada wuta, kuma me zan bi idan babu ita?

Ka sa fulogi a cikin hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin fulogi da duk inda fetur ya zuba, ka buɗe makulli ka buga kiki da ƙarfi. A inuwa ake wannan gwaji, domin hasken rana yana ɓoye tartsatsin. Wuta mai kyau shuɗiya ce mai kauri da ƙara ƙas-ƙas a kowane bugu. Ja ko ruwan ɗorawa mai rauni tana iya bayyana a waje amma ta kasa tsallaka ratar idan ta shiga cikin matsin silinda, shi ya sa ganin ɗan tartsatsi bai isa hujja ba.

Idan babu wuta, ka bi ta daga fulogi zuwa baya. Ka gwada fulogin da ka san yana aiki; ya kamata ka ajiye ɗaya a akwatinka don wannan kawai. In bai yi ba, ka warware hular fulogi daga waya, ka kusantar da bakin wayar da jikin inji kamar milimita 5, kana riƙe da ita da filaya mai hannun roba, ka buga kiki. Idan wuta ta yi tsalle, hular ce ta lalace ko bakin wayar ya yi tsatsa, sai ka yanke kamar santimita ɗaya ka sake murɗa hular.

Daga nan sai wayar kashe inji. A tsarin wayoyin Honda da baburan da suka kwaikwaye shi, waya baƙa mai farin layi ita ce take kashe wuta idan ta haɗu da ƙarfen babur, koriya kuma ita ce ta ƙasa. Ka zare baƙar mai farin layi daga soket ɗin CDI ka sake gwadawa. Idan wuta ta dawo, CDI lafiyarsa ƙalau, makulli ne ya lalace ko wayar ta goge a wani wuri tana taɓa ƙarfe, galibi a wuyan babur inda wayoyi ke lanƙwasa duk lokacin da aka juya kai. Sau da yawa an jefar da CDI mai kyau saboda ba a yi wannan gwaji ba. Sai bayan ka share soket-soket, ka tabbatar wayar ƙasa tana damƙe da ƙarfe mai tsabta, sannan za ka koma kan koyil ɗin fulogi, da koyil ɗin cikin magineto (faifan da ke juyawa a gefen inji yana samar da wuta), da CDI. Hanya mafi aminci ga wanda ba shi da mita ita ce aron waɗannan kaya daga babur iri ɗaya da yake tashi, a gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Batir ya mutu. Shi ne ya hana babur tashi?

Ya danganta da irin CDI ɗin. Yawancin tsofaffin ƙananan babura suna samun wutar fulogi kai tsaye daga magineto, saboda haka suna tashi da kiki ko da an cire batir gaba ɗaya. Wasu kuma CDI ɗinsu daga batir yake shan wuta, kuma irin waɗannan mataccen batir ko fis da ya ƙone yana hana su tashi. Nau'o'in biyu ba sa maye gurbin juna ko da soket ɗinsu ya yi kama.

Batir mai volt 12 da ya cika yana nuna kimanin 12.6 a mita, idan kuma ya sauka ƙasa da 12 ya yi rauni. Da inji yana aiki an ɗan ja totur, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5, in ba haka ba babur ba ya caji kuma sabon batir ma zai mutu. Idan ka danna sitata ka ji ƙas ɗaya kawai, ka fara duba kawunan batir, domin farin gari da sassaucin sukuru suna hana wuta wucewa.

Babur ɗin mai kwantak ne, ba shi da CDI. Me ya bambanta?

Baburan shekarun 1970 da farkon 1980 da yawa suna da kwantak a bayan magineto, wato ƙarfe biyu da ke haɗuwa suna rabuwa domin sakin wuta. Fuskokinsa biyu suna yin datti ko su ƙone, sai wuta ta raunana. Ka goge su da samfefa mai laushi, ka zura farar takarda tsakaninsu har ta fito ba maiƙo, sannan ka daidaita ratar zuwa milimita 0.3 ko 0.4 a lokacin da suka buɗe iyakar buɗewa. Ya kamata su fara rabuwa daidai lokacin da alamar F ta jikin magineto ta zo kan alamar jikin inji. Idan kana ganin tartsatsi mai yawa a tsakanin fuskokin kwantak ɗin kansu, kwandensa, wadda aikinta rage wannan tartsatsi, ta gaji.

Ga mai ga wuta, amma ya ƙi tashi. Saura me?

Saura matsi da lokacin wuta. Ƙafarka za ta fara gaya maka: kikin da yake sauka salalam ba tare da turjiya ba yana nuna iska tana zurarewa. Ka cire fulogi, ka toshe ramin da babban yatsa, wani ya buga kiki. Inji mai lafiya zai ture yatsanka da ƙarfi duk yadda ka danne. Idan da ma'aunin matsi, a gwada da totur a buɗe. Abin da ya sauka ƙasa da psi 90 zuwa 100 a jikin ma'aunin yakan sa tashi ya yi wuya.

Kafin ka yanke hukuncin cewa fistin da ringi sun ƙare, ka duba ratar bawul, domin ita ce ta fi yawan jawo wannan a tsohon inji kuma gyaranta ba ya cin ko kwabo. Bawul yana nutsewa cikin mazauninsa da tsufa, ratar ta ragu har ta ƙare, sai ya daina rufewa gaba ɗaya. Ana daidaita shi da inji a sanyaye, a juya magineto har alamar T ta zo daidai a bugun matsi, wato lokacin da hannayen bawul biyu suke da ɗan wasa. Ratar CG125 milimita 0.08 ce, ta injunan 70 zuwa 110 kuma 0.05, sauran a duba littafinsu. Akwai kanikawa da ke matse bawul har ƙararsa ta ɗauke domin mai babur ya ji daɗi, kuma wannan kuskure ne: ɗan ƙas-ƙas na bawul ba ya cutar da inji, matsewar ce take ƙona shi.

Idan bawul daidai yake amma matsi bai dawo ba, ka zuba baƙin mai kamar ƙaramin cokali ɗaya a ramin fulogi ka sake gwadawa. In matsi ya ƙaru, ringi ne ko silinda. In bai canza ba, bawul ne ya ƙone ko gasket ɗin kai ya fashe.

Game da lokacin wuta, babur da yake mayar da kiki da ƙarfi ko yake harbi ta kafireto ko ta salansa yana nuna wuta tana zuwa amma a lokacin da bai dace ba. Ka zargi ɗan ƙarfen nan mai siffar rabin wata da ke riƙe magineto a mazauninsa, domin yakan karye magineto ya zame. A injunan da ke da sarƙar taimin, kamar Boxer da roba-roba, sarƙar da ta saki tana iya tsallake haƙori. CG125 na asali ba shi da wannan sarƙa, sanduna ne suke tura bawul ɗinsa, kuma Honda ta ƙera shi haka ne a tsakiyar shekarun 1970 domin ƙasashen da ba a cika kula da canjin baƙin mai a kan lokaci ba.

Yaushe ya kamata in kwance kafireto?

Sai gwaji ya nuna mai yana isa kwano amma ba ya isa silinda, ko kuma yana malala ta tiyon ƙasa ba tsayawa. Masu koyo suna gaggawar zuwa kafireto saboda sukurorinsa suna waje kuma juya su yana kama da aiki, alhali sukuru ba ya juya kansa. Babur da yake tafiya jiya bai ƙi tashi yau saboda saitin kafireto ba.

Idan za ka kwance, ka shimfiɗa tsumma mai tsabta, ka jera kayan yadda suka fito. Kafin ka cire sukurun gauraya, mai daidaita mai da iska, ka murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya zauna, ka rubuta adadin, domin ka mayar da shi yadda yake. Galibi yana tsakanin zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu. Ƙaramin jet na sulo, wato ɗan sukuru mai rami da mai ke bi ta cikinsa, shi ne yake ba da mai lokacin tashi, kuma raminsa ya fi na babban ƙanƙanta, shi ya sa ya fi saurin toshewa. Ka ɗaga shi wajen haske, in ba ka hango zagayayyen rami ba ka wanke shi da fetur ka hura iska. Kada ka zura masa allura, domin tagulla ce mai laushi, ramin zai buɗe kuma babur zai riƙa shan mai har abada. Ka girgiza fulot, abin da ke yawo a kan mai a cikin kwano, kusa da kunne ka ji ko mai ya shiga cikinsa, ka duba bakin allurarsa ko ya yi zobe. Ka kuma lanƙwasa robar da ke haɗa kafireto da inji ka ga ko ta tsage, domin iskar da ke shiga ta nan tana hana tashi.

Babur ya yi watanni a ajiye. Zan buga masa kiki kawai?

A'a. Ka juye tsohon man tanki da na kwano, domin fetur yana rasa ƙarfinsa idan ya daɗe kuma yana barin danƙo a cikin jet. Ka duba baƙin mai, ka ɗiga kaɗan a ramin fulogi, ka danna kiki a hankali da hannu ka ji ko fistin yana motsi. In ya cije kada ka hau shi da ƙarfi. Ka buɗe akwatin matacin iska, domin ɓeraye suna sheƙa a ciki kuma suna cin wayoyi, soson kansa ma yakan ruɓe ya zama gari. Ka leƙa bakin salansa, saboda zanzaro yana gina ɗakinsa na laka a can, kuma inji da ba ya fitar da hayaƙi ba ya tashi.

Me ya sa yake wahalar tashi da sanyin safiya ko bayan ruwan sama?

A lokacin hunturu fetur ba ya saurin zama tururi, saboda haka a ja cok, a bar totur a rufe, a buga kiki, sannan a mayar da cok da zarar inji ya ɗumama. Ƙurar wannan lokaci kuma tana toshe matacin iska da wuri. Idan cok bai taimaka ba, ka koma kan ratar bawul da jet na sulo.

Da damina kuwa ruwa yana shiga hular fulogi, da makulli, da soket, da tanki ta murfin da robarsa ta mutu. Babur da ya nutse a ruwa kada a buga masa kiki da fulogi a ɗaure, domin ruwa ba ya matsuwa kuma yana iya lanƙwasa sandar fistin. A cire fulogi a fitar da ruwan tukuna, kuma in baƙin mai ya koma fari-fari a canza shi.

Shin Jincheng AX100 da Suzuki A100 haka ake bin su?

Mai da wuta duk ɗaya ne, amma waɗannan injuna masu bugu biyu ne, ba su da bawul irin na CG125, kuma suna ƙona man tu-sturok tare da fetur. Fuloginsu ya fi saurin yin maiƙo, salansarsu kuma tana cikewa da baƙin gawayi har ta toshe. Suna kuma buƙatar matsi a ƙasan fistin, saboda haka idan robobin da ke rufe gefen kuranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, suka bushe, babur zai ƙi tashi ko da mai da wuta da matsin sama suna nan. Ka tabbatar akwai mai a ƙaramin tankinsa kafin ka tayar da shi.

Tura babur a tayar da shi yana da illa?

Ba shi da illa ga babur mai kulochin hannu: a sa giya ta biyu, a riƙe kulochi, a tura, a saki. Amma babur da ba ya tashi sai da turi yana nuna raunin wuta ko raunin matsi, kuma turin bai gyara ko ɗaya ba.

A ina ya kamata mai koyo ya tsaya ya kira maigidansa?

Idan kiki ya cije ƙam, ko ka ji ƙarar ƙarfe a cikin inji, ko ka ga garin ƙarfe a baƙin mai, ko zaren ramin fulogi ya cinye, ka dakata. Cire magineto yana buƙatar abin zare shi na musamman, kuma dukansa da guduma yana lalata maganaɗisunsa da kan kuranshaf. Buɗe kan silinda da mayar da sarƙar taimin ma aiki ne da ya kamata ka yi shi a gaban wanda ya iya kafin ka yi kai kaɗai, domin haƙora kaɗan na kuskure suna iya sa fistin ya doki bawul. Lokacin da za ka kira shi, ka faɗa masa abin da ka gwada a jere da abin da kowane gwaji ya nuna, har da yanayin fulogi da launin wuta, domin ya ci gaba daga inda ka tsaya. Idan babur ya tashi, ka fitar da shi fili kafin ka bar shi yana sulo, saboda hayaƙin salansa a rufaffen shago yana kashe mutum.